Noman wake a Madawa, Buza da Kaita: yadda tazarar shuka ke ƙara ko rage amfanin gona

Duk wanda ke sayen wake da tiya a kasuwar Madawa ya san yadda farashinsa ke tashi kafin kaka. Ƙarancin ruwan sama da ƙwari da ƙuduji su aka fi ɗora wa laifi. Akwai kuma wani dalili da ba a cika ambata ba: yawan ramukan da manomi ke sara a gonarsa, da tazarar da yake bari a tsakaninsu.

Nijar ce ta biyu a duniya wajen noman wake, bayan Najeriya. Sai dai faɗin gonaki ne ya ba ta wannan matsayi, domin abin da ekta guda ke bayarwa kaɗan ne. A jihar Tawa, galibi ana shuka wake ne tsalli-tsalli a cikin hatsi ko dawa, bayan hatsin ya riga ya tashi. Waken yakan girma a inuwa, ga shi kuma ba shi da yawa.

Lissafin a fili yake. Ekta guda murabba'in mita 10,000 ce. Wanda ya bar mita ɗaya tsakanin rami da rami ta kowane gefe, ramuka 10,000 zai samu. Idan ya bar santimita 80 tsakanin layuka da 40 tsakanin ramuka, za su kai 31,250. Aikin noma da faɗin gona ba su canja ba, amma tushen wake ya ninka fiye da sau uku. Waken da ya rufe ƙasa da wuri yana hana ciyawa tashi, yana kuma rage bushewar ƙasa.

Amma cushewa ma tana da illa. Idan tsirrai suka yi yawa, sai su yi ta kokawar ruwa da taki da haske, kowane tushe ya ba da ƴaƴa kaɗan. Feshin magani ba ya ratsa ganyen da ya cunkushe, tsutsar da ke cin fure kuwa ta samu maɓoya. In ruwa ya ɗauke lokacin fure, cushasshiyar gona ce ke fara shanye damshinta.

Shi ya sa tazara ke bin irin waken. Cibiyar binciken noma ta IITA, mai reshe a Kano, tana ba da shawarar santimita 50 tsakanin layuka da 20 tsakanin ramuka ga wake mai tsayuwa da ke nuna da wuri. Mai yaɗo kuwa, kamar yawancin irin gargajiya, yana son 75 da 50. Ana zuba ƙwaya uku a rami, bayan mako biyu a cire ɗaya a bar biyu. Irin da cibiyar INRAN ke yaɗawa a Nijar, kamar TN5-78 da IT90K-372-1-2, kowanne da yanayin girmansa, don haka ya kamata mai saye ya tambayi malamin gona tazarar da ta dace da shi.

Ƙasa ma tana da nata hukunci. A kwarin Tarka da ke Madawa, da kwarin Majiya inda aka fara dasa layukan itatuwan kare iska a yankin Buza tun 1975, ƙasa na riƙe damshi, ana iya matse shuka. A tudun duwatsun Kaita, inda aikin farfaɗo da ƙasa ya soma a 1984, da jigawar da ta gaji, gara a sassauta, sai fa in an sa takin gargajiya.

Ga wanda ba zai rabu da hatsinsa ba, akwai tsarin layi biyu na hatsi ko dawa, layi huɗu na wake, wanda ke bai wa waken haske.

Akwai kuma batun harawa. Mai turkar rago yakan fi son wake mai yaɗo saboda ganyensa, mai neman ƙwaya kuwa ya fi son mai tsayuwa. Kafin damana, manomi na iya ware kuyya kaɗan ya gwada tazara biyu da iri guda, ya auna da tiya lokacin kaka.