Mujallar Fim: yadda ta zama rumbun tarihin Kannywood

A watan Maris na 1999 ne mujallar Fim ta fara fitowa daga Kaduna, lokacin da sana'ar finafinan Hausa na bidiyo ba ta cika shekara goma ba. Mawallafinta, Malam Ibrahim Sheme, ɗan jarida ne kuma marubucin littafin 'Yartsana. Daga baya ya riƙe muƙamin editan jaridun Leadership da Blueprint a Abuja, kafin ya koma Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya a matsayin daraktan yaɗa labarai.

Kafin a fahimci dalilin kafuwar mujallar, sai an waiwayi halin da ake ciki a wancan zamani. Tun cikin shekarun 1980, da tattalin arziki ya taɓarɓare, kamfanonin ɗab'i suka ja baya da buga littattafan hikaya, matasa a Kano da kewaye suka shiga buga nasu da kuɗin aljihunsu, suna kai wa 'yan kasuwa da hannunsu. A haka sunaye irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka fito, kuma wannan yunƙuri ne masu suka suka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano. Da na'urar bidiyo ta yi araha, sai wasu daga cikin marubutan suka koma shirya fim. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, wanda ake ƙirgawa a matsayin na farko, kuma kafin shekara goma kasuwar Ƙofar Wambai ta cika da kaset-kaset.

Duk wannan hada-hada ana yin ta ne ba tare da tallafin gwamnati ko na manyan kamfanoni ba, manyan jaridu kuma ba su cika kula da ita ba. Irin wannan giɓi ne ya haifar da mujallu masu bibiyar fasahar 'yan sa-kai a wasu ƙasashe, kamar Broken Pencil da aka kafa a birnin Toronto na Kanada a 1995 domin bin diddigin ƙananan mujallun da mutane ke bugawa da kansu.

A ƙasar Hausa, mujallar Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji ta shiga cike giɓin a Kano a 1998. A shafukanta ne aka fara amfani da sunan Kannywood a 1999, shekara uku kafin jaridar New York Times ta yayata kalmar Nollywood. Wasu mujallu irin su Mumtaz da Garkuwa sun biyo baya, amma akasarinsu ba su jima ba: tsadar takarda da ƙarancin talla da wahalar karɓo kuɗi daga dillalai suka durƙusar da su. Fim ce ta jure.

Abin da ya bambanta ta shi ne yadda ta ɗauki 'yan fim a matsayin ma'aikatan da suka cancanci a yi musu aikin jarida na sosai. Takan yi doguwar hira da furodusa ko mawaƙi ko mai ɗaukar hoto, ta tambaye shi asalinsa da yadda ya shigo sana'ar da abin da ya kashe a fim. Tana kawo labarin aure da saki da rigingimun ƙungiyoyi, wanda shi ne ke sayar da ita a tasha da bakin kasuwa, kuma hakan ya sha jawo mata fushin waɗanda aka rubuta labarinsu. Shafin wasiƙu kuwa ya zama dandalin muhawara, inda masu karatu ke kai ruwa rana kan rawa da waƙa irin na finafinan Indiya da sutura da tarbiyya, musamman bayan fitowar Sangaya.

Ta kuma shaidi lokutan tsanani. Tana nan aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, tana nan aka shiga rikicin 2007, lokacin da aka dakatar da shirya finafinai a jihar, aka ɗaure mawaƙi Adam A. Zango, sannan a ƙarshen 2008 aka ɗaure furodusa Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama. Mai son sanin abin da 'yan fim da jami'an hukumar suka faɗa da bakinsu a wancan lokaci, tsofaffin fitowar mujallar na cikin wurare ƙalilan da zai duba.

A nan ne ainihin darajarta take. Finafinan farko an sake su ne a kaset ɗin bidiyo, wanda zafi da ƙura ke lalatawa, kamfanoni da yawa kuma sun rufe ba tare da sun bar ko takardar lissafi ba. Jarumai irin su Ahmad S. Nuhu, wanda ya rasu a 2007, da Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, sun tafi da abin da suka sani. Shi ya sa manazarta irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero da Dakta Carmen McCain ta Amurka suka dogara da hirarrakin mujallar a bincikensu.

Zuwan wayar hannu ya sauya kasuwar. Jarumi yanzu yana sanar da aurensa a Instagram kafin ɗan jarida ya ji, finafinai kuma sun koma YouTube. Fim ta buɗe shafinta na intanet tana ci gaba da kawo labarai, sai dai makomar tsofaffin kwafen takarda ita ce abin damuwa. Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa kowane mawallafi mai zaman kansa ya ajiye kwafi uku na abin da ya buga, amma ɗimbin littattafai da mujallun da aka buga a Kano da Kaduna cikin shekarun 1990 sun tafi kasuwa kai-tsaye daga maɗaba'a. Abin da ya tsira daga cikinsu yana warwatse ne a akwatunan masu sha'awa da ɗakunan karatu na jami'o'i, wasu a Kano, wasu a Landan.