Motar Ƙungiya A Lokacin Kaka: Idan Jar Fitila Ta Kama, Tsaya



Da zarar an fara yankan riɗi da cirar gyaɗa, motar ƙungiya ba ta ƙara samun hutu. Yau tana kwaso dami daga gona, gobe tana hanyar kasuwar Sara, jibi an yi mata lodi sai Dawanau. A daidai wannan lokaci ne kuma aka fi ganin a-kori-kura a gefen titi, an ɗaga bonet, masu kaya sun yi cirko-cirko, kasuwa kuma tana can tana ci babu su.

Mota ba ta cika mutuwa farat ɗaya ba. Tana yin magana kafin ta kwanta, ko dai da fitilun da ke allon gaban direba, ko da ƙara, ko da wari. Matsalar ita ce kalmar nan da muka saba da ita: "Direba lallaɓa ta mu ƙarasa." Wannan kalma ta kashe injuna da yawa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin sufuri da na kayan gyara suka yi sama, inji ɗaya idan ya buga yana iya cinye ribar kakar ƙungiya gaba ɗaya.

Launin fitila shi ne saƙon farko

Idan ka murɗa makulli kafin inji ya tashi, fitilun allo duka za su kama na ɗan lokaci. Gwaji ne, kuma haka ya kamata. Da inji ya tashi sai su mutu. Wadda ta ƙi mutuwa, ko ta kama kana cikin tafiya, ita ce ke da magana. Wadda kuma ba ta kamawa sam ko a lokacin gwaji, to ƙwanta ya ƙone ko wani ya cire shi. Ku lura da wannan sosai idan ƙungiya za ta sayi motar hannu.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Ja na nufin tsaya yanzu. Ruwan ɗorawa na nufin akwai matsala, ka rage gudu ka kai ta wurin bakanike ba tare da jinkiri ba. Kore ko shuɗi sanarwa ce kawai, kamar sigina ko doguwar fitila.

Fitilar baƙin mai. Tana kama da ƙaramar buta mai ɗigo a baki. Wannan ita ce mafi haɗari ga inji. Ba wai tana cewa "mai ya ɗan ragu" ba ne, cewa take yi man ba ya zagayawa da ƙarfin da ake buƙata, ƙarfe na gugar ƙarfe. A mintuna kaɗan inji zai iya bugawa. Sauka daga titi, kashe mota, jira kamar minti biyar, ka zaro geji ka goge, ka mayar ka sake zarowa. Idan man ya yi ƙasa, ƙara, ka leƙa ƙarƙashin mota ko yana zuba. Idan man ya cika amma fitilar ta ƙi mutuwa, kada ka ƙara tayar da ita. A kira bakanike ko a jawo ta. Kuɗin jan mota bai kai kuɗin sabon inji ba.

Fitilar zafi. Tana kama da ma'aunin zafi tsaye a kan ruwa. A tsofaffin motoci kuma allura ce da ke hawa zuwa wajen ja. Tsaya, kashe inji, ka bar shi ya huce aƙalla rabin awa. Kada ka buɗe murfin lagireto da zafinsa, domin ruwan da ke ciki ya wuce tafasa kuma a matse yake, zai yi tsiri ya ƙona fuska da hannu. Kada kuma ka kwara wa inji mai zafi ruwan sanyi, kan inji na iya lanƙwashewa ko ya tsage. Bayan ya huce, sa tsumma ka buɗe a hankali, ka ƙara ruwa, sannan ka nemo dalili: tiyo ya fashe ne, fanka ba ta juyawa, ko fanbel ya tsinke? A lokacin kaka akwai wani dalili da ake mantawa da shi: ƙaiƙayi da ciyawa na toshe fuskar lagireto idan mota na shiga gona ko wurin sussuka, iska ta kasa ratsawa.

Fitilar batir. Akwati ne mai alamar tarawa da ɗebewa. Mutane da yawa na ɗauka batir ne ya lalace, alhali yawanci abin da take nufi shi ne altaneta ta daina caji. Tsaya ka duba fanbel. A motoci da yawa, wannan bel ɗin ne kuma ke juya famfon ruwan inji, don haka idan ya tsinke zafi na biye. Idan bel na nan lafiya, kashe rediyo da duk abin da ke jan wuta, ka nufi bakanike mafi kusa, kada ka kashe mota a hanya don ba lallai ta sake tashi ba.

Fitilar birki. Da'ira ce mai alamar motsin rai a tsakiya. Fara duba birkin hannu, wataƙila ba ka sauke shi duka ba. Idan a sauke yake, to man birki ya yi ƙasa, ko dai yana zuba ko takalmin birki ya cinye. Idan ka taka ka ji ƙafarka na nutsewa har ƙasa, wannan mota ba ta tafiya ko'ina, ko da buhu ɗaya ne a kanta.

Fitilar inji. Ruwan ɗorawa ce mai siffar inji. Idan ta tsaya cak kuma mota na tafiya daidai, za ka iya ƙarasawa a hankali, sannan a sa mata na'ura a gano matsalar. Idan tana ƙyaftawa, mota na kakkarwa, to tsaya. A motocin gas akwai kuma fitilar da ke nuna ruwa ya taru a matatar mai. Man 'yan bumburutu da wanda ya daɗe a jarka ko duro su ne suka fi jawo wannan. A tsiyaye ruwan tun bai kai ga famfon mai ba, don gyaran famfon gas ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Minti goma na safe

Kafin a ɗora buhu na farko, mota na tsaye a wuri mai daidai kuma inji da sanyinsa, direba ya duba waɗannan:

1. Baƙin mai: ya kasance tsakanin alamomi biyu na geji. Idan ya koma fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, kada a tayar.
2. Ruwan lagireto. Ruwan rijiya na barin tsatsa da gishiri a ciki. In da hali a sa ruwan sanyaya inji da ake sayarwa.
3. Man birki, sannan a taka birki a ji ƙarfinsa.
4. Tayoyi duka har da sifiya: iska, tsagewa, kumburi a gefe, da notinan taya.
5. Fanbel da kawunan batir.
6. Fitilun gaba da na baya, da na birki, da sigina.
7. Ƙasan inda mota ta kwana. Ɗigon mai ko ruwa ba ya ƙarya.

Hanyoyinmu na burji da ƙurar hunturu suna toshe matatar iska da wuri. A riƙa cire ta ana kakkaɓewa, idan ta yi baƙi a canza. Baƙin mai kuma a bi abin da littafin motar ya ce. Ga tsofaffin motoci masu aikin lodi cikin ƙura, kada a bari ya wuce kilomita 5,000, kuma a canza shi tare da matatarsa.

Taya da lodi

A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka yi ta. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wato FRSC, tana gargaɗin cewa taya na ƙare wa'adinta bayan shekara huɗu da yin ta. Tayar gwanjo na iya zuwa da zane mai kyau alhali robar ta tsufa, sai zafin kwalta ya haɗu da nauyin lodi ta fashe. Duba lambar kafin ka biya.

Batun lodi kuma lissafi ne. Ƙaramar a-kori-kura irin Hilux an yi ta ne don ɗaukar kusan tan ɗaya, wato kamar buhu goma masu kilo 100. Idan aka ɗora ashirin, sannan mutane suka hau sama, birki ba zai kama a inda ya saba ba, sifirin zai karye, kuma motar na iya kifewa a kwana. Sawu biyu lafiya ya fi sawu ɗaya da ba a kai ba. Kada kuma a haɗa maganin feshi ko jarkar fetur na injin ban ruwa da kayan abinci wuri ɗaya. Buhun wake ɗaya da magani ya zuba a kai ya isa ya jawo wa gida guda masifa.

Idan abu ya faru a hanya

Taya ta fashe kana gudu: riƙe sitiyari da hannu biyu, ɗaga ƙafa daga totur a hankali, kada ka danna birki da ƙarfi. Bari gudu ya ragu da kansa sannan ka sauka gefe.

Birki ya ƙi: yi ta taka shi da sauri sau da yawa, ka riƙa sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, sannan ka ja birkin hannu sannu-sannu. Kada ka zare makulli, sitiyari zai iya kullewa.

Mota ta mutu: a tura ta ta sauka daga kwalta gaba ɗaya. Kunna fitilun gargaɗi, a sa alamar nan mai kusurwa uku kamar taku hamsin a bayan mota. Idan ganye kuka sa, ku kwashe shi idan za ku tafi, haka ma duwatsun da aka tokare taya da su. Fasinjoji su sauka su yi nesa da titi, ban da zama a inuwar mota ta wajen kwalta. Idan za a ɗaga mota mai lodi da jak, a tokare tayoyi, a sa katako ƙarƙashin jak idan ƙasa yashi ce, kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashinta jak kaɗai na riƙe da ita.

Hayaƙi ko warin ƙonewar waya: kashe mota, kowa ya fita. Kada a wangale bonet, iska ke ƙara wa wuta ƙarfi. Wutar fetur ba a kashe ta da ruwa, sai da tukunyar kashe gobara ko yashi.

Ruwa ya rufe hanya: wannan na damina ne, amma mu nan mun san zafinsa. A watan Agustan 2021 mota ta faɗa inda ruwa ya cinye gada a Radabi, kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, mutum sama da 20 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Idan ba ka ganin kwalta, musamman da dare, kada ka shiga. Ruwa mai gudu da ya kai gwiwa zai iya tafiya da mota. Idan kuma inji ya mutu a cikin ruwa, kada ka sake tayarwa, ruwan da ya shiga ciki zai lanƙwasa ƙarafan inji.

Tankar mai ta faɗi: ku yi nesa, ku hana yara zuwa. Abin da ya faru a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a watan Oktoban 2024, inda mutum sama da 150 suka rasa rayukansu, ya ishe mu darasi.

Idan akwai rauni, lambar FRSC ita ce 122, ta gaggawa ta ƙasa kuma 112. Babban asibitin tarayya na Birnin Kudu na nan ga waɗanda suka ji rauni mai tsanani. Wanda ake zaton ya bugu a wuya ko baya, kada a fizgo shi daga mota sai in akwai barazanar wuta.

Abin da bai kamata a rasa a mota ba: sifiya mai iska, jak da sifanar taya, alama mai kusurwa uku, tukunyar kashe gobara, tocila, jarkar ruwa, lita ɗaya ta baƙin mai, fanbel na ajiya, igiyar ja, akwatin taimakon farko, da waya mai caji.

Rabon shugabannin ƙungiya

Motar jama'a ita ce kowa ke hawa amma babu mai duba gejinta. Don haka ku yi abu huɗu a zamanku na gaba.

Na farko, ku ba mutum ɗaya amanar motar. Yau wannan ya ja gobe wancan ya ja, shi ke sa a rasa wanda za a tambaya.

Na biyu, a ajiye littafi a cikin mota. A rubuta ranar canza mai da kilomitar da allo ya nuna, ranar sayen taya, da duk gyaran da aka yi da kuɗinsa. Sakatare ya riƙa dubawa duk wata.

Na uku, a riƙa cire wani kaso daga kuɗin kowane sawu a sa a asusun gyara, kada a taɓa shi don wani abu. Babban gyara kuma a yi shi kafin kaka, ba ranar da buhuna ke jira ba.

Na huɗu, kuma shi ne mafi muhimmanci: ku rubuta a dokar ƙungiya cewa idan jar fitila ta kama, direba na da ikon tsayawa, kuma babu mai kaya ko shugaba da zai matsa masa ko ya ci shi tara don an makara kasuwa. Direbobi da yawa sun san ma'anar fitilar sarai, tsoron faɗan masu kaya ne ke sa su ci gaba da tafiya. Riɗi da gyaɗa ba sa ruɓewa a kwana ɗaya, kasuwa kuma za ta sake ci mako mai zuwa. Ko da tumatir ne ko kankana, neman wata mota a juye kayan ya fi arha a kan sayen inji.

Allah Ya ba mu kaka mai albarka, Ya tsare mana hanya, Ya kai kowa gida lafiya.