Yadda Ghana Ta Rage Cin Wuta a Gidaje

A shekarar 2007 ruwan madatsar Akosombo mai samar da lantarki ya ja baya, Ghana ta shiga ƙarancin wutar lantarki. Sai gwamnati ta raba wa gidaje ƙwan lantarki miliyan 6 masu cin wuta kaɗan, kyauta, a madadin tsofaffin. Dalili kuwa, tsohon ƙwai yawancin wutar da yake sha zafi take zama, haskensa kaɗan ne.

Daga 2013 aka tsaurara hana shigo da firjin gwanjo, saboda tsohon firji yana zuƙar wuta dare da rana. Sabon firji da na'urar sanyaya ɗaki kuma dole su zo da takarda mai taurari. Iya yawan taurarin, iya sauƙin kuɗin wutar da magidanci zai biya a ƙarshen wata.