Doka da zafin nama: batun filayen jiragen sama a Nijar

1. Gabatarwa

A cikin wannan ƙasida za mu duba abubuwa biyu da ke raya filin jirgin sama ko su kashe shi: dokar gwamnati, da abin da ake kira «agilité» da faransanci. Mun fassara wannan kalma da «zafin nama», kamar yadda ake faɗa wa ɗan kokowar da ke sake kamu tun abokin karawarsa bai farga ba. Ke nan, ma'aikata mai zafin nama ita ce wadda ke sake tsarinta da wuri in hali ya sake.

2. Abin da doka ke riƙewa

Tun 1959 aka kafa hukumar ASECNA a Saint-Louis ta Senegal domin kula da zirga-zirgar jirage a sararin ƙasashe da dama, har da Nijar. A cikin gida kuwa, hukumar ANAC ke sa ido kan filaye da kamfanoni. Nan babu ciniki: in hazo ya rufe fili, ƙa'ida ce ke faɗin ko jirgi ya sauka. Harshe ma bai tsira ba, don tun 2008 hukumar OACI ta wajabta wa matuƙa da masu yi musu jagora a hanyoyin ƙasa da ƙasa su kai mataki na 4 cikin 6 a ingilishi.

3. Inda hukuma ke zama dabaibayi

Ƙasashe 11 suka kafa Air Afrique a 1961. Kamfani mai iyayen gida da yawa ba ya yanke shawara da sauri. Bashi ya yi masa katutu, ya rushe a 2002. Wata hanya aka bi a filin Diori Hamani na Yamai: kamfanin Summa na Turkiyya ya sabunta shi a 2019, bisa yarjejeniyar gudanar da shi shekara 30. Duk da haka, da aka rufe sararin Nijar daga 6 ga Agusta zuwa 4 ga Satumba 2023, zafin naman kamfani bai hana harka tsayawa ba.

4. Kammalawa

Wannan ya shafi mutumin Sabon Gida. Akwai fili a Tawa, amma maniyyaci ko ɗan ci-rani daga Madawa, Buza ko Keita galibi mota yake shiga zuwa Yamai, wajen kilomita 500 daga Madawa. Fili kuwa yana cin kuɗi, ko jirgi ya sauka ko bai sauka ba: ga ƴan kwana-kwana, ga fitilu, ga gyaran titi. A ganinmu, ɗorewar irin wannan fili na buƙatar doka ta tsananta kan tsaron rai, ta kuma sakar wa masu gudanarwa mara wajen jera tashin jirage bisa lokacin hajji da na ci-rani.