Giyar Hannu Ko Mai Kuloci Biyu: Lissafin Da Ke Gaban Masu Sayen Mota A Jalingo

JALINGO: Duk ɗan kasuwar da ya je wajen dillalan motoci a Jalingo, babban birnin Jihar Taraba, tambayoyi biyu ya saba yi kafin a shiga ciniki, wato shekarar da aka ƙera motar, da kuma ko giyarta ta hannu ce ko otomatik. Sai dai tambaya ta biyun ta daina wadatarwa, domin kuwa kalmar otomatik a bakin dillali tana ɗauke da na'urori iri-iri waɗanda aikinsu da kuɗin gyaransu suka sha bamban. Daga cikinsu akwai giya mai kuloci biyu, wadda aka gwada a motocin tsere, amma yanzu ta bazu cikin motocin gida da ake shigowa da su na hannu daga Turai da Amurka.

Ita dai wannan giya tamkar akwatunan giyar hannu biyu ne aka haɗa wuri guda, kowanne da kulocinsa. Ɗaya na riƙe da giya ta 1, ta 3 da ta 5, ɗayan kuma na riƙe da ta 2, ta 4 da ta 6. Yayin da mota ke tafiya a giya ta uku, kwamfutar da ke ciki ta riga ta tanadi ta huɗu, saboda haka da lokacin canji ya yi sai kuloci ɗaya ya saki, ɗayan ya kama, cikin abin da bai kai daƙiƙa guda ba. Direba ba shi da kulocin takawa, birki da totur kawai ke ƙarƙashin ƙafarsa.

Kamfanin Porsche na ƙasar Jamus ya gwada wannan fasaha a motocinsa na tsere tun cikin shekarun 1980, amma kamfanin Volkswagen ne ya fara fito da ita kasuwa a shekarar 2003 a cikin Golf R32, da sunan DSG. Porsche ya biyo baya a 2008 da tasa mai suna PDK. Tun daga nan masu sha'awar motocin gudu suka rabu gida biyu, wasu na kallon sauri, wasu kuwa na ganin daɗin tuƙi yana ga sa giya da hannu. A 2013 Porsche ya fitar da 911 GT3 ba tare da giyar hannu ba, masu saye suka yi ta ƙorafi. Da ya ƙera 911 R mai giyar hannu guda 991 kacal a 2016, farashinta a hannun 'yan sari ya ninka na kamfani, kuma a 2017 sai ya maido da giyar hannu a GT3.

Wannan muhawara ta masu hannu da shuni ce, waɗanda ke da kwalta mai santsi da garejin kamfani a kusa da gida. A Jalingo kuwa motar da ake sa ran za ta yi kai-kawo a titin Hammaruwa cikin Keke Napep, ita ce gobe za ta kama hanyar Wukari ko ta Numan zuwa Yola, jibi kuma a ce ta bi ta Bali da Serti ta hau tsaunin Mambila zuwa Nguroje da Gembu. Abin da mai motar ke son sani shi ne nawa za ta ci masa a shekara, kuma wa zai gyara ta idan ta tsaya.

A nan ne ya kamata a rarrabe tsakanin nau'i biyu na giya mai kuloci biyu. Akwai wadda kulocinta ke wanka cikin mai, man yana sanyaya shi, akwai kuma busasshiya wadda iska kawai ke sanyayawa. Ta farkon ta fi juriya, amma tana buƙatar a canja mata mai na musamman a kan ƙa'ida, kamar kowace kilomita 60,000 ga DSG mai giya shida. Busasshiyar ta fi arha wajen ƙira, shi ya sa aka fi sa ta a ƙananan motoci, kuma ita ce ta fi jawo wa kamfanoni ciwon kai. A watan Maris na 2013 Volkswagen ya janye motoci sama da 380,000 a ƙasar Sin saboda matsalar DSG. Kamfanin Ford ma ya sha ƙararraki a Amurka kan giyarsa PowerShift da ya sa a Fiesta daga ƙirar 2011 da Focus daga ƙirar 2012, sannan a 2018 wata kotun tarayya a Ostareliya ta ci shi tarar dalar ƙasar miliyan 10 saboda yadda ya tafiyar da koke-koken masu saye. Motocin waɗannan shekaru ne yanzu suka tsufa a can, suka yi arha, suka kama hanyar tashoshin jiragen ruwa na Afirka ta Yamma.

Babban abokin gabar busasshen kuloci shi ne zafi, kuma zafi na taruwa ne lokacin da mota ke rarrafe, kulocin bai kama sosai ba bai kuma saki ba. Wannan kuwa shi ne halin da direba ke shiga idan ya faɗa bayan babbar mota mai lodi a hawan Mambila, tsaunin da ya kai kimanin mita 1,600 a bisa teku, ko kuma idan yana lallaɓa ramuka da taɓo a damina. A ƙara da zafin bazara na Maris da Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi a kwarin Binuwai kan kusanci 40. Otomatik irin ta da, wadda ke cikin mafi yawan tsofaffin Camry, Corolla da Sienna, mai ne ke sadar da ƙarfin inji zuwa giya a cikinta, don haka rarrafe bai cika damunta ba matuƙar man yana da kyau.

Masu goyon bayan giya mai kuloci biyu na kafa hujja da tsimin mai, kuma hujjar ta ƙara nauyi tun bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, abin da ya ɗaga lita daga ƙasa da Naira 200 har ta haura Naira 1,000 a wurare da dama a ƙarshen 2024. Amma yana da kyau a zauna a yi lissafi. A ƙaddara mota na shan lita 1,500 a shekara, a kuma ƙaddara wannan giya ta rage kashi biyar cikin ɗari. Lita 75 ke nan, wato Naira 75,000 idan lita tana dubu guda. A ɗaya ɓangaren kuma akwai na'urar da ke sarrafa giyar, wadda ta haɗa kwamfuta da famfon mai, kuma ba a ƙera ta a Nijeriya. Da dala ake sayo ta, dalar da ta tashi daga kusan Naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta wuce Naira 1,500 a 2024. Lalacewarta sau ɗaya na iya lashe tsimin man shekaru masu yawa, ban da kwanakin da motar za ta yi a jingine ana jiran kaya daga Legas, Onica ko Kano. Ga ɗan kasuwar da ke bin kasuwannin mako, kwana goma babu mota ma asara ce mai zaman kanta.

Giyar hannu kuwa tsohuwar sana'a ce a wannan yanki. Makanikan da suka koyi aiki a kan Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, su ne suka yaye na yanzu, kuma da wuya a rasa mai iya sauke akwatin giya ya canja faifan kuloci a manyan garuruwan da ke kan hanya. Idan batir ya mutu a daji, samari huɗu sun isa su tura motar ta tashi, abin da ba ya yiwuwa ga otomatik kowace iri. A gangaren dutse ma direba na sa ta biyu ya bar inji ya riƙe motar, birki ya huta. Gaskiya ne yawancin otomatik ma na ba da damar yin haka, sai dai direbobi da yawa ba su taɓa matsar da sandar daga D ba.

Duk da haka giyar hannu ba ta rasa nata cikas. Direban da ya saba ɗora ƙafa a kan kuloci zai ƙone faifai cikin watanni, kuma mai mota ne zai biya. Bugu da ƙari, samunta na ƙara wuya, tun da a Amurka, inda kaso mai tsoka na motocin hannu ke fitowa, sababbin motoci masu giyar hannu ba su kai kashi biyu cikin ɗari ba a farkon shekarun 2020. Kazalika Jalingo gari ne na ma'aikatan gwamnati tun da aka ƙirƙiro jihar daga tsohuwar Gongola ranar 27 ga Agusta, 1991, kuma masu sayen motar shiga gari sun fi karkata ga otomatik, don haka ranar sayarwa mai giyar hannu na iya jira kafin ya sami mai taya.

Bisa wannan, wanda harkarsa ta haɗa da lodi da hawan dutse ya fi dacewa da giyar hannu, wanda kuma zirga-zirgarsa ta cikin gari ce otomatik irin ta da za ta fi kwantar masa da hankali. Mai kuloci biyu, musamman busasshiya, sai ga wanda ya tanadi kuɗin gyara a gefe, ya kuma san garejin da ke da na'urar binciken kwamfutar mota.

Gane ta ba shi da wuya ga wanda ya lura. Sunayen DSG, S tronic, PDK, PowerShift, EDC ko DCT a jikin sandar giya ko a takardun mota alama ce, kuma lambar shasi na nuna irin giyar da aka ƙera motar da ita. Kafin a biya kuɗi ya kamata a tuƙa motar har sai ta yi zafi, a shiga da ita cunkoso, sannan a tsaya a kan hawa a sake tashi a hankali. Idan ta yi karkarwa ko ta yi jinkirin kamawa tsakanin giya ta ɗaya da ta biyu, to, kulocin ya fara gajiya, kuma wajibi ne a cire kuɗin gyaransa daga farashin da dillali ya yanka.