Bututun da Ido Ba Ya Gani, Mai Kama Dafi Cikin Ruwa

Kowane ɗalibi ya san yadda ake jefa alif cikin ruwan gulbi, laka ta kwanta, ruwa ya yi garau. To, amma garau ɗin nan ba shaidar lafiya ba ne. Dalmar da ta narke cikin ruwa ba ta da launi, tafasawa ba ta fitar da ita, kuma kaɗan daga cikinta ya isa ya taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Domin kama irin wannan ɓoyayyen dafi ne masana kimiyya suke ƙera waɗansu 'yan bututu daga silikat, watau dangin sinadarin da ke cikin yashi da yumɓu.

Ana auna su da nanomita. Idan aka raba milimita ɗaya gida miliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita, kuma kaurin gashin mutum yakan kai wajen nanomita 80,000. Akwai irin wannan bututu a cikin ƙasa tun asali, a jikin wani yumɓu mai suna haloisait, wanda aka fara bayyanawa a 1826 daga ƙasar Beljiyam. Faɗin raminsa bai cika wuce nanomita 20 ba. Shimfiɗa biyu ce manne da juna, ɗaya ta ɗan fi ɗaya faɗi, don haka sai su naɗe kamar tabarma. Tun a 1930 Linus Pauling na Amurka ya yi hasashen cewa rashin daidaito irin wannan zai sa shimfiɗa ta lanƙwashe.

Ƙera shi a ɗakin bincike kuwa ya yi kama da aikin maginiyar tukunya, wadda takan kife tsohuwar tukunya ta gina sabuwa a bayanta, sa'an nan ta zare ta cikin. Ana samo siraran bututun kabon, a lulluɓe su da silika. Daga nan a zuba su cikin ruwa mai gishirin magniziyam da amoniya, a rufe cikin tukunyar ƙarfe wadda tururi ba ya fita, a dafa sa'o'i da dama a zafin da ya zarce digiri 100. Silika takan narke sannu a hankali, ta haɗu da magniziyam, su zama 'yan ɓawo-ɓawo masu rufe jikin kabon. A ƙarshe a ƙone kabon ɗin a cikin iska, ya tashi, ya bar rami.

Me ya sa ake shan wannan wahala? Saboda dauɗa a fuskar abu take mannewa, shi kuwa bututu yana da fuska ciki da waje. Giram ɗaya na garin yana iya ɗaukar fuskar da ta kai ɗaruruwan murabba'in mita. Ɗalibi ya gwada lissafi: in giram ɗaya yana da 250, giram 30 sun zarce filin ƙwallo. A kan wannan fuska ake musaya, magniziyam ya saki wurinsa ya shiga ruwa, dalma ta maye gurbinsa. Haka nan ƙwayoyin waɗansu rinin masaƙu sukan manne, domin cajin lantarkinsu kishiyar na bututun ne.

Sai dai a ganina bai kamata a yi saurin guɗa ba. Yawancin aikin yana matakin gwaji ne. Garin da ya kama dafi tilas a tsamo shi daga ruwan, abin da ya sa waɗansu suke haɗa shi da ƙwayoyin ƙarfe don maganaɗisu ya janye shi. Bayan nan kuma sai a nemi inda za a kai dafin. Har ila yau, farin asbestos shi ma bututun magniziyam silikat ne, an kuwa san ɓarnar da ƙurarsa take yi wa huhu, saboda haka dole a binciki kowane sabon iri kafin a sake shi.

Haloisait ɗan uwan farar ƙasa ne ta kusa, irin wadda ake haƙa a Ƙanƙara ta Jihar Katsina. Ita a shimfiɗe take, amma masu bincike sun nuna ana iya cusa sinadarai tsakanin shimfiɗunta har su rabu, su naɗe, su zama bututu.