Gawo Ya Dawo, Rijiya Na Ƙara Zurfi

Tun kafin kiran asalatu ake jin motsi a bakin rijiyar ƙauyenmu, wani ɗan gari da ke ƙasar Agye, gabas da Maradi. Yaro ya ɗaura igiyar guga a jikin sa, ya kora shi, san ya yi ta tafiya har ya kusa kai bakin gona kafin gugan ya leƙo. Tsawon tafiyar san nan shi ne zurfin rijiyar. Mata na jere da jarkoki masu ruwan ɗorawa, kowace ta san wadda take bi. Wadda ta makara kuwa, sai hantsi ya dubi ludayi ba ta ɗora tukunya ba.

Amma da ka juya wa rijiyar baya ka dubi gonaki, sai ka ce ba ƙasar fari kake ba. Ga gawo nan tsaye ko'ina, ga kalgo, ga sabara, ga aduwa da magarya. Kawuna ya sha ba ni labarin yadda wurin nan ya kasance bayan farin 1973, sannan na 1984 ya zo ya ƙarasa abin da ya rage. Daga ƙofar gida kana hango mutum a ƙauyen gaba, babu abin da ya tare ido. Iska ta taso ta binne gero yana ɗan tsiro, a sake shuka sau uku, wani lokaci huɗu, irin da aka ɓoye ya ƙare a banza.

Abin da ya sauya gonakin ana ce masa sassaben zamani, kuma babu wani abin mamaki a cikinsa. A da, in bazara ta yi, manomin kirki shi ne wanda ya share gonarsa ƙal, ya ƙone kututture. Yanzu in ya tarar da toho a jikin kututture, sai ya zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ya bari, ya sare sauran. Saiwar tana nan da ranta a ƙasa tun fil azal, dama kawai take jira. A farkon shekarun 1980 aka fara yaɗa dabarar a jihar Maradi, wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo na cikin waɗanda suka tsaya mata, kuma an kiyasta ta farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a Nijar. Ni dai a ganina, abin da ya fi ba ta ƙarfi shi ne ranar da manomi ya yarda itacen gonarsa nasa ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba.

Gawo kuwa, Allah ya yi masa hali na daban. Da damina, lokacin da kowane itace ke ado, shi sai ya kakkaɓe ganyensa, ya bar wa gero rana, ganyen ya zama taki. Da rani ya yi kore shar, dabbobi su kwanta a inuwarsa su bar kashi, yara su tsinci 'ya'yansa a cika buhu a kai kasuwa. Na tsaya a gonar Kawu na ga zangarniyar da ke ƙarƙashin gawo ta fi ta fili kauri, ba sai an nuna maka ba.

Sai dai gatari bai iya komai a kan ruwan sama. Tsofaffi sun ce da suna sanin watan shuka kamar yadda suka san sunayen 'ya'yansu. Yanzu mutum ya yi binne, ruwa ya sauko sau ɗaya ya ɗauke har mako uku. In kuma ya dawo, ya zo da fushi: a daminar 2024 jihar Maradi na cikin waɗanda ambaliya ta fi yi wa ɓarna, gidajen ƙasa suka zube, rumbuna suka jiƙe. Ruwan da zai ishi gona wata guda ya zuba a dare ɗaya ya wuce. Shi ya sa da yawa suka koma ga gero mai saurin nuna, samari kuma da an gama girbi sai su kama hanyar biɗa, wasu Kano, wasu har Aljeriya da Libiya.

Wannan ne ke ci mini rai. Mutanen nan sun gyara ƙasarsu da hannunsu, ba su jira kowa ba, amma rijiyar burtsatse mai sola ta fi ƙarfin aljihun mai dami hamsin. A Jiratawa, cikin Gulbin Maradi, inda aka kai ruwan ban-ruwa, zogale da kayan lambu na fita duk shekara. Nan kuwa 'yar Kawu, mai shekara goma sha ɗaya, sai ta yi sawu uku a rijiya kafin ta ɗauki jakar makaranta.

Ranar da zan taho na je sallama, na ce, "Kawu, Allah ya ba mu damina mai albarka." Ya ce, "Amin, ɗana, mai zuwa a kan kari." Ya ɗauki gatarinsa ya nufi gona, akwai tohon kalgon da ya ce bai gama gyarawa ba.